Katin da Ake Karantawa da Yatsa



Da zarar an sauko daga Babbar Sallah, alhazai sun fara dawowa, kowa ya san abin da ke biye a unguwar nan: ɗaurin aure kowace Asabar da Lahadi, suna, walimar saukar karatu, tarbar alhaji. Mu da muke zaune a shagon takardu da littattafai mukan ji ƙanshin lokacin tun kafin a fara sanarwa a masallaci, domin kwalin kati ne ke fara ƙarewa a kanta. To a 'yan shekarun nan mun lura masu sayen kwalin sun canza. Da can yaran maɗaba'a ne daga Mokola ke zuwa su kwashi dami guda. Yanzu akwai 'yan mata da matan aure, har da samari biyu-uku, da ke sayen falle ashirin ko talatin su tafi gida. Da muka bincika sai muka tarar kati suke yi da hannunsu, suna haɗa bugun hatimin roba da zane mai tudu, wato zanen da ke tasowa daga jikin takarda har yatsa ya ji shi. Sun kawo mana wasu mun gani, mun taɓa, mun zauna mun kalli yadda ake yi. Abin ya fi ƙarfin wasan yara, shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kai.

Kafin a zo kan yadda ake yi, bari mu faɗi abin da ya sa ya dame mu. Gayyata a wurinmu abu ne da ake miƙawa a hannu. Sabon nan da aka keɓe wa iyayenmu a 1916, goro da shanu ne suka gina ta, kuma da goro ake kiran mutum biki. Yaro ya ɗauki ƙunshi ya bi gida gida, ya durƙusa ya ce wane ya ce a gaishe ku, ranar kaza za a ɗaura auren wance. Wanda ya karɓi goron nan ya san an ƙirga shi cikin mutane. Daga baya kati ya shigo ya tsaya kusa da goro da alawa, ba tare da ya kore su ba. Mu da muka haura hamsin mun ga zamanin da ake bin layi a gidan waya na Dugbe a sayi kan sarki, a aika katin barka da Sallah zuwa Kano ko Sakkwato, wani lokaci ya isa bayan an cinye naman layya, amma a karɓe shi da murna a saka a cikin akwati. Sai wayar hannu ta zo a 2001, sai WhatsApp ya biyo baya, yanzu mutum yana kwance a ɗakinsa zai gayyaci mutum ɗari uku da babban yatsa.

Ba mu ƙi wannan ba fa. Wanda ke da dangi a Agadas ko Zangon Kumasi, me ya fi masa sauƙi? Amma mu da akan kira sulhu lokaci lokaci mun san abin da yake haifarwa. Sau nawa dattijo zai ƙi zuwa ɗaurin auren 'yar ƙaninsa, a je a tambaye shi ya ce ba a gayyace shi ba. A buɗe waya a nuna masa, ga shi Baba, an turo maka, har ka buɗe. Ya ce eh, an tura wa kowa ma. Mai hankali ya san abin da yake nufi. Ba a sa masa komai a hannu ba. Irin wannan ƙaramin abu mun ga ya hana gidaje biyu gaisawa har shekara ta zagayo, kuma a nan kudu, inda danginka na jini ba su fi a ƙirga da yatsu ba, asarar gida guda ba ƙarama ba ce.

A kowace hidima akwai mutum talatin zuwa hamsin da bai kamata a haɗa su da kowa ba: iyaye, surukai, malamai, mai gidan da ya saukar da kai ranar da ka fara zuwa Ibadan da 'yar jakarka, mai gidan haya, abokan ciniki na shekara da shekaru. Su ne katin hannu ya dace da su. Babbar maɗaba'a ba ta son aikin kati talatin, domin wahalar shirya faranti ɗaya ce ko talatin za a buga ko dubu. Na'urorin zamani suna buga kaɗan, gaskiya ne, sai dai abin da ke fitowa shimfiɗaɗɗe ne, kamar na kowa. Wannan giɓin ne yaran nan suka gano.

Hatimi dai ba baƙo ba ne a wurinmu. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, kuma ɗalibin Islamiyya ya san cewa lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai aika wasiƙu ga sarakuna, an gaya masa ba sa karɓar wasiƙar da ba hatimi, sai aka yi masa zoben azurfa aka sassaƙa sunansa a kai. Sarakunan Borno da na Sakkwato ma da hatimi suke rufe wasiƙunsu. Na roba shi ne ya zo daga baya, bayan wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa roba ta yi ƙarfi a 1844. Mu kuwa mun san shi a ofis da banki da takardar shaidar aure, shi ya sa da yawa ba su taɓa tunanin ana ado da shi ba.

Hatimin ado iri biyu muka gani a hannun yaran. Akwai wanda suke sassaƙawa da kansu da reza ko 'yar wuƙa mai tsini, a jikin robar goge fensir ko guntun sabon silifa, su manna a kan katako. Wannan ya dace da siffofi masu sauƙi: jinjirin wata, tauraro, ganye, dagin Arewa, ƙwaryar goro. Rubutu kuwa sai an kai wa masu yin hatimi, waɗanda yanzu ke amfani da wata roba mai ruwa da haske ke daskarar da ita, ko na'ura mai ƙona roba. Abin da za a riƙe shi ne hatimi a juye ake yin sa, kamar abin da ka gani a madubi. Boko da ke tafiya daga hagu zuwa dama, a jikin hatimi daga dama yake farawa. Ajami da Larabci kuwa su koma farawa daga hagu. Wanda bai san rubutun ba yana iya juya maka shi sau biyu ya miƙo maka da fara'a, don haka kada a biya sai an buga a takarda an karanta a gabansa.

Nan ma akwai wata riba da ba mu zata ba. Shekara nawa muna haƙuri da katunan da ba su da ƙugiya? Maƙwabtanmu na maɗaba'a gwanaye ne a aikinsu, amma Hausa ba harshensu ba ce, kuma sau da yawa haruffanmu ba sa cikin na'urarsu. Sai ka ga an rubuta daurin aure, karfe biyu, a kofar gidan wane. Wannan duk da sauƙi. Amma ranar da aka jera sunayen dattawan unguwa a ƙarƙashin "manyan baki", ai dole a yi dariya a ɓoye. Hatimin da ka tsaya aka yi maka da ɗ da ƙ da ɓ a wurarensu, sau ɗaya za ka yi wannan tsayuwar, ya yi maka aiki shekaru. Kuma adalci ya ce idan za a yi na gaida maƙwabta Yarabawa ranar Sallah, a rubuta musu Ẹ kú ọdún da ɗigonsa da alamominsa cif, a tambayi wanda ya iya. Abin da ba ma so a yi wa harshenmu kada mu yi wa nasu.

Me ake sa wa a hatimi? Abin da ke maimaituwa kawai: Barka da Sallah, Gayyatar Ɗaurin Aure, Muna Taya Ku Murna, da adon gefe. Sunan amarya da rana da wuri ana iya yi musu ƙaramin hatimi na hidimar, amma sunan wanda ake aika wa, wannan da alƙalami za a rubuta shi. A ganinmu nan ne rabin darajar katin take.

Sai tudu. Shi ma kashi biyu ne, na dannawa da na zafi.

Na dannawa ba ya buƙatar tawada ko wuta. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar gafakar Alƙur'ani ko kuben takobi ya san shi, domin abin da dukawa ke yi wa fata ke nan da 'yan ƙarafunansu tun kaka da kakanni. Haka kuma jan tambarin da lauyoyi ke matsawa a kan takardar fili. A kati, ana yanke siffar da ake so a jikin kwali mai kauri, ko a haɗa tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti biyu a yanke, irin yadda masu rubutun allon talla ke yi. A manna shi a gilashin taga da rana don haske ya ratso, a kifa katin a kai ta yadda bayansa ke kallonka, a ɗan goga kyandir a bayan don hannu ya yi santsi, sannan a bi gefen siffar da abu mai kai mulmulalle. Biro da tawadarsa ta ƙare ma yana yi. Ba a danna tsakiya, gefe kawai ake bi, tsakiyar da kanta take tasowa. In ka juyo katin sai ka ga wata ko dagi ya kumburo fari a kan fari, ba launi, sai inuwa. Akwai 'yar na'urar da ake murzawa da hannu, irin su Sizzix, mai faranti biyu na roba da ke matse kati gaba ɗaya su fitar da ado a bugu guda. Tana da kyau ga mai hali, amma mun fi son na taga, domin adon farantin nan na Turawa ne, furanninsu da dusar ƙanƙararsu, alhali na taga kai ke zaɓar siffarka.

Na zafi shi ne inda hatimi da tudu suke haɗuwa su zama abu guda, kuma shi ne ya fi ba mu mamaki ranar farko. Ana buga hatimin da tawada mai jinkirin bushewa. Tawadar ofis ba ta yi, kafin ka ɗaga hannu takarda ta shanye ta. Akwai wadda aka yi don wannan aikin, marar launi, mai danƙo, VersaMark na cikin sanannu, kuma wasu na diga gilisarin na kemis a kan sabon soson hatimi su samu kusan irin wannan. Tun tawadar na da danshi sai a barbaɗa wata hoda ta musamman, wadda a gaskiya garin roba ne mai laushi, akwai ruwan zinariya, ruwan azurfa, fari, da marar launi. A karkata katin a ƙwanƙwasa bayansa, hodar da ba ta kama ba ta zube a kan takarda a mayar da ita kwalba. Abin da ya rage ya bi sawun hatimin daidai, amma a wannan lokacin ba shi da kyan gani, kamar yashi. Sai a kawo zafi. Cikin 'yan daƙiƙu za ka ga yashin nan yana narkewa daga gefe guda zuwa ɗayan, yana komawa ƙyalli, rubutun ya taso sumul kamar an zuba narkakken ƙarfe. Manyan maɗaba'u ma haka suke yin katunan manyan mutane masu rubutu mai tudu, sai dai su da injin.

Zafin ne wurin da ake yawan ɓata aiki. Dirayar gashi ba ta yi, iskarta ta yi yawa zafinta ya yi kaɗan, sai ta watsa hodar a fuskarka. Akwai 'yar na'urar hura zafi da aka yi don haka. To amma mun san halin wuta a unguwar nan. Dabarar da muka gani a wurin wata baiwar Allah ita ce ta kifa dutsen guga na gawayi, gindinsa sama, ta riƙe katin da matsefin shanya a samansa ba tare da ya taɓa ba, zafin ya ratso ta ƙasa. Yana yi sarai, har ma hodar ba ta motsi tunda babu iska. Sai dai a tsaya a kai da ido: da ƙyallin ya gama zagayawa a janye. In aka ƙara, robar ta nutse cikin takarda, tudun ya kwanta, kwalin ya yi ja ya lanƙwashe. Kuma don Allah a yi shi a inda iska ke shiga, a nesa da ƙananan yara, kada a bar kwalbar hodar kusa da kayan miya.

Yanayin garin nan ma yana da nasa hukunci. Da damina kwali na shan danshi ya yi laushi, tudun dannawa ba ya tsayawa da kyau, zafi kuma na sa shi ya murɗe, don haka a ajiye shi cikin leda a ɗaure. Da hunturu kuwa hodar ce ke manne wa duk inda ba a kira ta ba, musamman inda yatsa mai maiƙo ya taɓa. Maganinsa a ɗan shafa hodar jarirai ko garin sitaci a fuskar katin kafin a buga hatimi, abin da ya ɓace hanya kuma a ɗauke shi da busasshen burushi kafin a kai wuta. Bayan ya narke ba gyara.

Wajen haɗa su a kati ɗaya, hatimi ne ke fara shiga, sannan hoda da zafi, tudun dannawa ya zo ƙarshe. Dalili a fili yake: hatimi na son wuri shimfiɗaɗɗe, in ka buga shi a kan tudu rabin harafi ne zai fito. Kuma kada layin dannawa ya ratsa ta kan rubutun da aka narkar, yana fasa shi. A bar wa kowanne filinsa. Mafi kyawun wanda muka riƙe, kwali ne ruwan madara, Barka da Sallah da ruwan zinariya a tsakiya, jinjirin wata fari ya taso a sama, sai siririn layi mai tudu ya zagaye gefe. Shi ke nan. Mafi muni kuwa wanda aka zuba masa duk abin da aka mallaka, zinariya da azurfa da fure da tauraro goma sha, har ba ka san inda za ka sa ido ba. Mun san mu mutane ne masu son ado, dubi aikin babbar riga. Amma ai aska takwas ma a ƙirji da aljihu take tsayawa, ba ta bin riga har ƙasa.

Akwai abu ɗaya da za mu roƙa, kuma a nan da bakin limanci muke magana. Kada a yi hatimin ayar Alƙur'ani ko sunan Allah don bugawa a kati. Mun san niyyar alheri ce, kuma Bisimilla da ruwan zinariya tana da kyau a ido. Amma kowa ya san inda yawancin katuna ke ƙarewa bayan biki: ƙasan rumfa, bakin kwata, hannun mai ƙosai. Katin hannu ya fi samun a adana shi, amma ba ka da iko da shi bayan ya bar hannunka. Addu'a da Hausa ta wadatar, kuma sallama ana yin ta da baki lokacin miƙawa.

Ta fuskar ciniki kuwa, tunda shi ne sana'armu, ga lissafi. Falle ɗaya na A4 in aka raba biyu aka naɗe yana ba da kati biyu daidai ƙaramin ambulan. A nemi kwali mai nauyin giram 250 zuwa 300, wanda bai kai haka ba zafi na lanƙwasa shi, wanda ya wuce kuma hannu ba ya iya tayar da tudu a kansa. Hatimi sau ɗaya ake saye, kwalbar hoda ɗaya tana daɗewa tunda ana mayar da ragowa. Ashe jarin ba shi da yawa, abin da ake sayarwa lokaci ne da natsuwa, kuma nan ne muke ganin yaranmu na cutar kansu. Yarinya ta kwana biyu a kan kati arba'in, ta ƙirga kuɗin kwali kawai ta ɗora 'yar riba, saboda mai hidimar ƙawar innarta ce. A ƙirga awannin. A karɓi rabin kuɗi kafin a taɓa almakashi, domin katin da aka buga wa sunan wance ba ya sayuwa ga wani. A riƙa yin biyar fiye da abin da aka nema, saboda ko gwani sai ya ƙona ɗaya ko biyu. Masu hidima kuma, ku ji tsoron Allah wajen tayi. Wanda ya iya biyan mai hoto da mai kiɗa da mai rumfa ba tare da ya ce uffan ba, bai kamata ya zo kan 'yar maƙwabcinsa da ke neman na sabulu a cikin gida ya tuna da tsadar rayuwa ba.

Waɗanda za a aika Arewa ta hannun direbobin tasha ko masu motocin kaya, a kula da ɗauri. Tudun dannawa ba ya son nauyi, in aka cusa katunan a aljihun gaba aka zauna a kai daga nan zuwa Kwantagora, za su isa a shimfiɗe kamar ba a yi komai ba. A sa kowanne a ambulan ɗinsa, a jera su tsakanin kwali biyu masu tauri, a naɗe da leda saboda ruwa, a rubuta lambar wayar mai karɓa a waje da manyan baƙaƙe. Na cikin unguwa kuwa a ba yaro mai ladabi ya kai, a haɗa masa da goro ko biyu ne.